Agogon Kwamfuta a Garin da Agogon Duniya Ya Ratsa

A ranar Lahadi 31 ga Maris, 2024, muna wajen azumi na ashirin, wani dattijo ya shigo shagon buga takardu na ƙanena a zangon Yendi don a buga masa wasiƙa. Yana zaune a benci yana jira, sai idonsa ya kai kusurwar allon kwamfuta, ya ga an rubuta 6:12 PM. Ya leƙa waje. Rana na nan da sauranta, ko ja ba ta fara yi ba. Ya dubi ƙanen nawa ya ce, "Kai ɗan nan, na'urar taka so take ta karya mana azumi?"

Yaron ya ce, "Wallahi Baba, jiya daidai take."

Kuma gaskiyarsa. Jiya daidai take, haka ma tun ranar da ya sayo ta gwanjo a watan Nuwamba. Ba ƙwayar cuta ce ta shige ta ba, ba kuma lalacewa ta yi ba. Kwamfutar daga Ingila aka kawo ta, kuma har ran nan tana tsammanin a Landan take. Mutanen Ingila kan tura agogonsu gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu da namu ɗaya ne, shi ya sa babu wanda ya lura. Da lokacin nasu ya yi, ita ma ta bi su.

Abin dariya a nan shi ne, a duk faɗin ƙasashen da Hausawa ke zaune, ba na jin akwai garin da ya kamata agogonsa ya fi na Yendi zama daidai. Layin da ƙasashe suka amince da shi a taron Washington na Oktoba 1884 a matsayin mafarin awon lokaci ya taso ne ta Girinwich a Landan, ya ratsa Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya ɗan shafi Togo, ya shigo Ghana, ya bi ta kan Yendi, ya tsallaka tafkin Volta, ya faɗa teku a Tema. Salaga tana yamma da shi da kusan rabin digiri, Bawku da kusan kwata. Da yake kowane digiri minti huɗu ne na tafiyar rana, zawalin Salaga bai fi minti biyu a bayan na Yendi ba. Shi ya sa a nan rana kan tsaya tsaka a kusa da sha biyu daidai, sai ɗan motsin da take yi cikin shekara: wajen 11:44 a farkon Nuwamba, wajen 12:14 a tsakiyar Fabrairu. A Kano kuwa zawali kan kai wajen sha biyu da rabi na agogonsu. Idan mai gabatar da shiri a rediyo ya ce "agogon GMT da Ghana", namu yake nufi, kuma ba ma matsar da shi ko rani ko damina.

Na fara da wannan ne don abu biyu ake cakuɗawa. Akwai lokacin da kwamfuta ta sani, akwai kuma yadda take rubuta shi a allo. Yawancin masu kawo mini ƙorafi na biyun suke so a gyara, a cire AM da PM, ko a sa rana ta riga wata. Amma idan na farkon a karkace yake, gyaran na biyun ado ne a kan gini marar tushe.

Shiyyar lokaci tukuna

Kwamfuta tana riƙe da agogon duniya guda ɗaya, wanda ake kira UTC, sannan ta duba shiyyar da aka gaya mata tana ciki, ta ƙara ko ta rage awoyi kafin ta nuna maka. Ghana sifili ce, babu ƙari babu ragi. Haka Togo da Burkina Faso. Najeriya da Nijar da Benin suna gaba da awa ɗaya, Makka da uku.

A Windows 10 ko 11, ka kai linzami kan agogon da ke kusurwar dama ta ƙasan allo, ka danna ɓangaren dama na linzamin, ka zaɓi Adjust date and time. Idan Set time zone automatically a kunne yake, ka kashe shi, domin kwamfutar tebur da ba ta da hanyar sanin inda take sau da yawa zato kawai take yi. Sai ka buɗe jerin Time zone. A nan ne mutane ke ruɗewa, don za ka duba sama da ƙasa ba ka ga Accra ba. Wanda ya ga Dublin, Edinburgh, Lisbon, London da UTC+00:00 a gabansa sai ya ce ai shi ke nan, sifili sifili ne. To wannan shi ne ramin da ƙanena ya faɗa. Layin da ya dace da mu shi ne wanda aka rubuta Monrovia, Reykjavik. Kada sunayen su dame ka. Babban birnin Laberiya da na Aisland ba sa matsar da agogo, kamar mu. Wanda kwamfutarsa ke Kano ko Maraɗi, nasa shi ne West Central Africa.

Bayan ka zaɓa, ka kunna Set time automatically, ka haɗa da intanet ko da na waya ne, ka danna Sync now. Daƙiƙa kaɗan agogon zai daidaita kansa. Idan tsohuwar Windows 7 ce, irin wadda ake samu a ɗakunan kwamfuta na makarantu duk da an daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, ka danna maɓallin tutar Windows tare da R, ka rubuta timedate.cpl, ka danna Enter. Wannan ƙofa tana aiki tun daga 7 har 11, kuma ni ita na fi bi, don ba ta sauya mazauni kamar sauran.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne gyaran hannu a kan shiyyar da ba daidai ba. Na tarar da wata kwamfuta a wani ofishi a Salaga, an saka mata sabuwar Windows an bar ta a shiyyar Pacific ta yammacin Amurka, wadda ke bayanmu da awa takwas, ko bakwai a lokacin zafinsu. Sakataren ya ga agogo ba daidai ba, sai ya shiga ya rubuta ƙarfe tara na safe da hannunsa. A allo komai lafiya. Amma a cikinta kwamfutar ta ɗauka cewa a Yendi da Accra yanzu yamma ta yi, don haka duk saƙon imel da ya tura da safe sai ya isa da hatimin yamma. Kuma duk ranar da ta samu intanet sai ta koma gidan jiya, shi kuma ya sake gyarawa yana zagin na'ura. Wata shida suna wannan kokawa.

Sha biyu ko ashirin da huɗu

Yanzu sai maganar yadda za a rubuta lokacin. Hanya mai sauƙi a Windows 11 ita ce Settings, sannan Time and language, sannan Language and region, ka buɗe Regional format, ka danna Change formats. A Windows 10 kuwa Region ne, sannan Change data formats. Za ka ga Short time da Long time, ka zaɓi samfurin da babu AM ko PM a jikinsa. Ka sauya duka biyun, don wasu sassan na'urar wannan suke karantawa, wasu wancan, kuma ba ka so agogon ƙasan allo ya ce 14:30 alhali na allon buɗewa yana cewa 2:30.

Amma wanda yake so ya tsara abin da kansa, sai ya bi ta tsohuwar ƙofa. Maɓallin Windows da R, ka rubuta intl.cpl, ka danna Additional settings, ka shiga shafin Time. A nan haruffa ake rubutawa, kuma girman harafi yana da ma'ana. Ƙaramin h awa ce ta tsarin sha biyu, babban H ta tsarin ashirin da huɗu. Idan ka ninka harafin, sai a sa sifili a gaban lambar da take ita kaɗai, wato H:mm zai ba ka 7:05, HH:mm kuma 07:05. Ƙananan mm mintuna ne, ss daƙiƙu, tt kuma su ne AM da PM. Ka rubuta HH:mm a Short time, HH:mm:ss a Long time, ka danna Apply. Idan agogon bai sauya nan take ba, ka fita daga asusunka ka sake shiga.

A wannan shafin akwai wani wuri da ke jan hankalin duk wanda ya fara ganinsa: AM symbol da PM symbol. Ana iya goge su a rubuta abin da ake so. Ni ma na taɓa sa "safe" da "yamma", na yi ta nuna wa abokai. Murnar ba ta kwana ba. Da ƙarfe ɗayan dare ya yi, sai na ga 1:00 safe. Da azahar kuma 1:30 yamma. Bature ya raba yini biyu ne kawai, kafin rana ta tsaya tsaka da bayan ta tsaya. Mu kuwa muna da asuba da hantsi da walaha da tsakar rana da azahar da la'asar da almuru da lisha da talatainin dare, kuma ko a faɗin ƙarfe muna da huɗu: na safe, na rana, na yamma, na dare. Akwati biyu ba za su ɗauki wannan kaya ba. Shi ya sa ni a ganina Bahaushe ya fi samun sauƙi da tsarin ashirin da huɗu. Idan allo ya ce 13:30, kai ka san ɗaya da rabi na rana ne, ka faɗe shi da Hausarka. Lissafin ba wuya: abin da ya wuce 12, ka cire masa sha biyu. Mako guda ido ya saba.

Mutanen Bawku sun riga mu sanin wannan. Duk wanda ke shiga kasuwar Cinkassé ta Togo ko yake da hulɗa da Tenkodogo ta Burkina Faso ya saba ganin 14h30 a takardun Faransanci. Agogonsu da namu ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Tun 2016 da aka fara jigilar alhazai kai tsaye daga filin jirgin Tamale, mutanenmu da yawa suka fara riƙe takardar jirgi, kuma a shagunan buga takardu ake karanta musu ita. Takardar jirgi da tsarin ashirin da huɗu ake rubuta ta. A ce an rubuta Juma'a, 00:30. Wanda ya saba da AM da PM sai ya tsaya yana tunanin ko sha biyu da rabi na rana ne, ko na daren da zai biyo bayan sallar Juma'a. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ranar kwamfuta da tsakar dare take farawa, saboda haka 00:30 na Juma'a yana cikin daren da mu ma muke kira daren Juma'a, wanda ke shiga da magaribar Alhamis. Ke nan ran Alhamis Alhaji zai bar gida. Yaron shagon da kullum yake ganin agogonsa na juyawa daga 23:59 zuwa 00:00 ba zai yi kuskuren nan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957, mu rubuta 06/03/1957. Kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka wata take sawa a gaba, don haka 3 ga Yuni za ta karanta. Idan ranar ta wuce 12 kuskuren kan tona kansa, tunda babu wata na 25. Amma daga 1 zuwa 12 shiru yake wucewa, kuma a nan ne ranar haihuwar ɗalibi ke juyewa a jerin sunayen masu zana jarrabawar BECE da malami ya shirya a Excel, a zo daga baya ana faman gyara. Maganin shi ne a Regional format ka zaɓi English Ghana maimakon English United States. Ko ka shiga shafin Date na intl.cpl ka rubuta dd/MM/yyyy a Short date. Lura, M na wata babba ne. Idan ka sa ƙarami, mintuna ka kira. Ni na fi son dd-MMM-yyyy, don yana rubuta sunan watan a taƙaice, babu sauran gardama. A cikin jerin akwai Hausa ma, kuma idan ka zaɓe ta za ka ga Litinin da Talata da Satumba a allonka. Abin sha'awa ne a kwamfutar gida. A ta ofis da ke musayar takardun lissafi da Accra, na fi so a bar ta a Ingilishin Ghana.

Wanda yake so ya riƙa ganin sunan rana a kusurwar allo, sai ya sa ddd a gaban Short date, wato ddd dd/MM/yyyy. Sai dai a tuna Excel ma wannan tsarin yake ɗauka, don haka idan ka ga layukan kwanan wata sun cika da alamar #, faɗin layin ne ya yi kaɗan, ka ja shi. Abin da kwamfuta ba za ta taɓa gaya maka ba shi ne ranar kasuwa. Ta Bawku kwana uku-uku take ci, kasuwannin ƙasar Dagomba da yawa kwana shida-shida, ita kuwa na'urar mako bakwai kaɗai ta sani. Wannan sai a tambayi Hajiya mai sayar da albasa. Haka ma watan Musulunci: Windows na iya nuna lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya idan aka koma tsarin Larabci, amma zai juya kwanan watan komai da ke cikin na'urar, kuma azumi da salla a nan sanarwar ganin wata ake jira, ba allo ba. Ban ba kowa shawarar taɓa shi ba.

Daƙiƙu ba kowa ke buƙatarsu ba, sai mai shagon intanet da ke sayar da lokaci, ko malamin da ke sa ido a jarrabawa. A Windows 11 an ƙara wannan a 2023: Show seconds in system tray clock, wanda ke cikin Taskbar behaviors, a sababbin fitowa kuma cikin Date and time. A Windows 10 sai an shiga rajistar na'ura an ƙirƙiri wani saiti mai suna ShowSecondsInSystemClock. Wanda bai san rajista ba ya bar ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da na fi jin daɗinsa, kuma mutane kaɗan suka san da shi, shi ne ƙarin agogo. A timedate.cpl akwai shafin Additional Clocks, yana karɓar agogo biyu bayan naka. Ka sa alama a Show this clock, ka zaɓi West Central Africa, ka rubuta masa suna Kano. Na biyun ka zaɓi Kuwait, Riyadh, ka rubuta Makka. Daga nan duk lokacin da ka ɗora linzami a kan agogo, ukun za su bayyana. Fataken goro da suka riƙa tafiya tsakanin Kano da Salaga wata da watanni ba su da wannan matsala, rana ce ke tafiya da su a hankali. Jikansu da ke kiran abokin ciniki a kasuwar Dawanau da ƙarfe ɗaya na nan, yana mamakin ba a ɗauka ba, ya manta can biyu ta yi, ana sahun azahar.

A ɗakin kwamfuta na makaranta a tuna cewa tsarin rubutu na kowane asusu daban ne, shiyyar lokaci kuwa ta na'urar ce gaba ɗaya. Idan kana so sababbin asusu da allon shiga su gaji tsarin da ka yi, a intl.cpl ka shiga Administrative, ka danna Copy settings, ka sa alama a akwatunan biyu na ƙasa.

Masu Linux nasu da sauƙi, don su suna da sunan Accra. Umarni ɗaya ne: sudo timedatectl set-timezone Africa/Accra. Zaɓin sha biyu ko ashirin da huɗu yana cikin Date and Time. A Linux Mint da Xfce ana iya rubuta tsarin da hannu, %H:%M na ashirin da huɗu, %I:%M %p na sha biyu, %A sunan rana. Ga kuma wata alfarma ta zama a kan layin sifili. Wanda ya haɗa Windows da Linux a na'ura ɗaya a Kano kullum agogonsa na tsalle da awa guda, saboda Linux tana ajiye UTC a agogon cikin na'ura, Windows kuma lokacin gari. A Yendi biyun abu ɗaya ne, ba su da abin faɗa.

Saura cuta ɗaya da saiti ba ya warkarwa. Idan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, abin da 'yan kudu suka raɗa wa suna dumsor, sai ka tarar da kwamfuta ta koma wata tsohuwar shekara da ƙarfe 00:00, kuma shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna cewa agogonka na baya, to batir ne. A jikin babban faifan da ke cikin akwatin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin volt 3, faɗinsa milimita 20. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta, kuma kwamfutar gwanjo sau da yawa da tsohonsa take zuwa. Masu gyaran agogon hannu da masu sayar da kayan waya kan ajiye shi.

Ka kashe na'urar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Ka buɗe murfin gefe. Kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har rigar mutum ke tartsatsi; wannan 'yar wutar jiki tana iya ƙona abin da ya fi batir tsada nesa ba kusa ba. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke riƙe batirin, ka tura shi gefe da farce, zai ɗago da kansa. Ka sa sabon, fuskar da ke da alamar + tana kallon sama. Idan ka kunna, ka shiga BIOS da F2 ko Del ko F10, gwargwadon kamfanin, ka rubuta rana da lokaci, ka adana. Na laftof kuwa sau da yawa a naɗe yake cikin roba da 'yar waya, a ƙarƙashin madannai ko can cikin ciki. Wannan a kai wa mai gyara, a kuma gaya masa lambar samfurin na'urar tun a waya, don ya nemo mai irin bakin wayar kafin a ɗauko ta daga Salaga zuwa Tamale.